Guguwar rana da saƙon da ke yawo a WhatsApp: mene ne gaskiyar lamarin?

Dan_Kofar_Soro
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp na unguwarmu, wai NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ce guguwar rana za ta afka wa duniya, kowa ya kashe wayarsa daga sha biyun dare zuwa asuba, kada a kwana da ita kusa da kai, kuma wai intanet zai ɗauke na makonni. Hajiyarmu har ta sa an cire duk wayoyin gida daga caji. Ni dai raina bai kwanta da maganar ba, to amma zafin da ake zubawa a Katsina kwanan nan ya sa mutane na cewa ai ga alama nan. Masu ilimin abin ku taimaka: akwai wannan guguwa da gaske? Su wa ke sa mata ido, kuma ta yaya ake sanin za ta zo?

UmmuKhadija_Daura
Wa alaikumus salam. Har nan Daura ya iso. Ƙanwata ta turo min shi, ita ma daga makarantar Islamiyyarsu ta samo. Muna jiran masana.

SadiqLayout
Tsohon saƙo ne wannan, ya daɗe yana zagaye, lokaci-lokaci sai a sake masa murya. Ƙarya ce tsagwaronta, babu wata guguwar rana.

Malama_Fiziks
Malam Sadiq, rabin maganarka daidai ne. Saƙon kashe waya ƙarya ne, amma guguwar rana gaskiya ce, kuma akwai mutanen da ba su da wani aiki dare da rana sai sa mata ido.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko walƙiyar rana: wani wuri a jikin rana, galibi inda baƙin tabo yake, sai ya saki haske mai tsananin ƙarfi. Tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan 150 ne, haske kuma yana yanke wannan tafiya cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi. Don haka babu wanda zai ce maka ga walƙiya nan tafe, lokacin da aka gan ta ta riga ta iso. Abin da masana ke iyawa shi ne su dubi tabon su ce yiwuwar ya yi walƙiya yau kashi kaza ne cikin ɗari. Ana jera ƙarfinta da haruffa A, B, C, M, X, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau goma. Kuma ɓangaren duniya da ke fuskantar rana take shafa, wato inda ake tsakar rana. To kun ga wanda ya ce a kashe waya sha biyun dare bai ma san inda abin ya dosa ba.

Na biyu shi ne dunƙulen iska mai zafi da rana kan tofar zuwa sarari, ɗauke da maganaɗisunsa, wanda ake taƙaita sunansa da CME. Shi ba ya gudun haske, yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso. Idan ya bugi maganaɗisun da ke kewaye da duniya ya girgiza shi, shi ne ake cewa an yi guguwa. Wannan ne ake iya hasashen zuwansa.

Dan_Kofar_Soro
Allah ya saka da alheri Malama. To zafin fa? Ba shi da alaƙa?

Malama_Fiziks
Ko kaɗan. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, tabo ya yi yawa, ya ragu, ya sake yawa. Wani Bajamushe, Heinrich Schwabe, shi ya bayyana haka a 1843 bayan ya shafe shekaru yana ƙirga tabon. Zagayen da muke ciki shi ne na 25, ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA, hukumar kula da yanayi ta Amurka, suka sanar cewa an shiga ganiyarsa. Amma daga lokacin da rana ta fi natsuwa zuwa lokacin da ta fi tashi, hasken da take aiko mana bai canzawa da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu. Zafin Katsina na bazara ne: ƙasa ta bushe, babu hadari, kuma wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya daidai tsakar kanmu. Kakanninmu ma sun sha shi.

Baba_Rediyo
Ɗiyata Malama, Allah ya yi maki albarka, kin warware mani abin da ya daɗe yana ɗaure mani kai. Ni tun ina saurayi nake tare da rediyo, gajeren zango. Na san da rana a mita 16 ko 19 ake samun tasha, da dare a sauko 31 ko 41. To akwai ranakun da ina cikin sauraren shirin rana, murya tangaram, sai kawai ta dushe kamar an janye ta. In murɗa nan shiru, in murɗa can shiru, duk tashoshin waje sun ɓace baki ɗaya, amma tashar FM ta gari tana nan daram. In buɗe bayan rediyon in goge batir, in ja eriya, babu. Bayan wani ɗan lokaci sai su dawo da kansu a hankali. Ko wannan walƙiyar ce?

Malama_Fiziks
Baba, amin, na gode. Yadda ka siffanta shi, ya yi kama da ita ƙwarai. Gajeren zango ba kai tsaye yake zuwa ba. Akwai wani sashe na sararin sama da ake kira ayonosfiya, daga wajen kilomita 60 zuwa sama, shi ke maido da muryar ƙasa, shi ya sa ake jin tashar da ke wata nahiya. Idan walƙiya mai ƙarfi ta zo, ƙasan wannan sashe sai ya yi kauri ya shanye muryar maimakon ya bar ta ta wuce. FM kuwa daga eriyar tasha zuwa rediyonka take zuwa, ba ruwanta da can sama. Kai ka daɗe kana lura da yanayin rana, Baba, da kunnenka.

Mai_Sola_Kofar_Kaura
Ni abin da ya dame ni kwastomomi. Tun safe ake kirana wai a zo a kwance fanel kafin guguwa ta ƙone shi. Jama'a don Allah ku bar fanel ɗinku inda yake. Abin da ke rage wa sola ƙarfi a garin nan ƙura ce. Je ka hau rufi ka shafa yatsa a kan gilashin, za ka ga layi ya fito fes a cikin jar ƙasa. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi ke nan. Abin da ke kashe inbata kuma tsawa ce da rashin wayar ƙasa, da kuma lodin da ya fi ƙarfinta.

DanMashi_01
To amma ai an taɓa ɗauke intanet a azumin 2024, banki ya tsaya, POS ya tsaya. Ba ranar ba ce?

SadiqLayout
A'a DanMashi. Wancan na 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet ne na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ya shafi ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. A ƙasan ruwa matsalar take. Kuma Malama na karɓi gyara, saƙon nake nufi.

Injiniya_Rafindadi
Bari in ƙara a kan abin da Malama ta faɗa, don kada kuma a ɗauka abin wasa ne. A farkon Satumban 1859 wani Bature ɗan Ingila, Richard Carrington, yana zana tabon rana sai ya ga haske ya tashi a cikinsa. Ba a cika kwana ɗaya ba guguwa ta iso. Wayoyin tangarahu na wancan zamani suka riƙa tartsatsi, ma'aikata suka sha jan wuta, aka ga jan haske a sama har ƙasar Kuba. A 13 ga Maris 1989 kuma, lardin Kubek na Kanada ya rasa wuta kusan awa tara, mutum wajen miliyan shida suna cikin duhu a lokacin sanyi.

Dalilin shi ne, idan maganaɗisun duniya na girgiza, yakan haifar da wata wuta a cikin duk wani dogon ƙarfe da ke shimfiɗe: layin wuta mai ɗaruruwan kilomita, bututun mai, da makamantansu. Wannan wuta sai ta bi ta shiga manyan taransifoma ta dumama su. Tsawon layin shi ne sharaɗi. Wayar hannunka da cajarta ba su kai tsawon da za su tara komai ba. Kuma abin ya fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, ko da yake bayan guguwar Oktoban 2003 an samu taransifomomi da suka lalace a Afirka ta Kudu, abin da ya sa masana suka daina cewa nahiyarmu ba ruwanta.

Hajiya_Mai_Atamfa
Injiniya kada ka ba masu wuta hujja, gobe su ce mana rana ce ta ɗauke.

Injiniya_Rafindadi
Hajiya ranki ya daɗe, namu ɗaukewar dalilanta a ƙasa suke: ƙarancin gas, tsofaffin layuka, lodi. Duk wanda ya ce rana ce, a tambaye shi ranar da abin ya faru, a je a duba ko an yi guguwa ran nan. Bayanan a buɗe suke ga kowa.

Abu_Hafsat
Ni tambayata daban ce. Mutum ya ce jibi abu kaza zai zo daga rana, wannan bai shiga duba da taurari ba? Gaibu ai na Allah ne.

Ustaz_Kofar_Marusa
Malam Abu Hafsat, tambaya ce mai kyau. Abin da malamai suka hana shi ne a ce tauraro kaza ya fito don haka wane zai mutu, ko auren wance ba zai yi albarka ba. Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai Annabi ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Amma wanda ya ga abu ya taso da na'ura, ya auna gudunsa, ya lissafa yaushe zai iso, wannan lura ce da sababi, irin lissafin lokutan salla da muke rataye da shi a masallatai. Sai dai ya ce in Allah ya so, don lissafin kan kuskure. Abin da ya fi damuna ni shi ne tura labarin da ba a tantance ba, a tsorata tsofaffi da mata a banza. Wannan kam an hane mu.

Abu_Hafsat
Na gamsu da rabin farko Ustaz. Allah ya ƙara ilimi. Amma har yanzu ina ganin suna cika baki.

Malama_Fiziks
Malam Abu Hafsat, da za ka karanta sanarwarsu da ka ga ba su cika baki, kullum cikin "mai yiwuwa" suke. Bari in faɗi yadda aikin yake, don ita ce ainihin tambayar Dan_Kofar_Soro.

Wa ya tuna husufin 29 ga Maris 2006, da hantsi, lokacin da gari ya yi duhu a nan Katsina? Waɗanda suka kalla sun ga wani farin haske ya kewaye baƙin wata. Wannan shi ne rawanin rana, daga cikinsa dunƙulen iskar ke fita, kuma hasken rana ne ke hana mu ganinsa kullum. To kumbon SOHO, wanda Turai da Amurka suka harba a Disamban 1995, yana ɗauke da na'urar da ke rufe fuskar rana da wani faifai, ta yi husufin kanta a kowane lokaci. Da ita ake ganin dunƙulen ya fito, a auna gudunsa da inda ya nufa, a saka a kwamfuta ta lissafa lokacin isowa. Wannan lissafi kan kauce da awoyi da dama, gaba ko baya.

Abin da ba a iya sani tun daga nesa shi ne inda maganaɗisun dunƙulen ya fuskanta. In ya fuskanci arewa, yawanci sai ya goga ya wuce. In ya fuskanci kudu, sai ya sarƙu da na duniya, guguwa ta yi ƙarfi. Ba a sanin wannan sai ya iso wani wuri mai nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, inda aka ajiye kumbuna irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015. Daga can zuwa nan kuwa minti 15 ne zuwa awa ɗaya. Kamar hadarin gabas ne: kana ganin ya haɗu tun la'asar, amma ko ruwa ne ko iska ce kawai, sai ya kusa kanka za ka sani.

Masu fitar da sanarwar a Amurka ba NASA ba ce, cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ce ta hukumar NOAA da ke Boulda a jihar Kolorado. Suna auna guguwa daga G1, mafi ƙanƙanta, zuwa G5, mafi ƙarfi.

Baba_Rediyo
Na tuna husufin nan sarai. Kaji suka nufi akurki, aka yi ta kabbara, muka yi salla a masallacin unguwa. Sanyi-sanyi ma ya sauko.

Safiyo_Daura
Ni wannan magana ta shafi tuwona kai tsaye. Aikina awon filaye da GPS mai auna santimita. Abin da na lura, in aiki ya kai mu bayan magariba, musamman wajen Maris da Afrilu ko Satumba da Oktoba, sai na'ura ta riƙa rasa kamu. Kana tsaye a kan turke ɗaya, ba ka motsa ba, lambobi na rawa a allo, taurarin ɗan'adam da take gani suna raguwa suna dawowa. Da safe ka koma wurin, lafiya lau. A aikinmu kuskuren rabin mita ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa har gaban alƙali. Yanzu kafin in fita nakan duba lambar Kp, ma'aunin girgizar maganaɗisun duniya, a waya, in ta kai 5 sai in ɗaga aikin.

Malama_Fiziks
Malam Safiyo, duba Kp yana da kyau, amma kada ka dogara da shi shi kaɗai. Ma'auni ne daga 0 zuwa 9, ana fitar da shi duk awa uku, 5 shi ne G1, 9 shi ne G5. To amma daga tashoshi 13 ake haɗa shi, kuma dukkansu suna nesa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, cibiyar da ke Fotsdam a Jamus ke tattarawa. Mu kuwa matsalarmu ta gida ce. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, kudu da mu kaɗan. A irin wannan yanki, bayan faɗuwar rana ayonosfiya kan yi wasu ramuka masu tasowa sama, saƙon tauraron ɗan'adam in ya ratsa ta cikinsu sai ya riƙa karkarwa. Wannan kan faru ko a daren da Kp ke 1 ko 2, kuma ya fi yawa a shekarun da rana ke ganiya. Watannin da ka ambata su ne lokacinsa a yankinmu.

Safiyo_Daura
Ikon Allah. Ke nan gara in tsayar da doka, awo mai muhimmanci da safe kawai. Amma Malama in haka ne, hasashen Turawa bai gama yi mana amfani ba ke nan. Namu fa?

Injiniya_Rafindadi
Akwai masu aikin. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi, suna wannan fanni. Jami'ar Kyushu ta Japan ta girka na'urorin auna maganaɗisu a Legas da Ilori da Abuja. Kuma cikin tashoshin GPS na dindindin da ofishin babban safiyon ƙasa ya kafa, akwai ɗaya a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, masu bincike sun yi amfani da bayananta wajen nazarin ayonosfiya. Abin da nake fata shi ne a kai matsayin da safiyo a Daura zai buɗe waya ya ga sanarwa da Hausa cewa daren yau sama ba ta da kyau, kamar yadda NiMet ke fitar da hasashen damina. Ɗalibanmu na fiziks a jami'ar Umaru Musa Yar'adua, ga fili nan.

Talaka_Bawan_Allah
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin da ya shafi talaka a nan ba. Mutum na fama da kuɗin masara da rashin tsaro a ƙauye, ana maganar tabo a rana.

Safiyo_Daura
Ɗan'uwa damuwarka gaskiya ce, ba mai musu. Amma gonar da nake aunawa ta talaka ce, kuma in iyaka ta karkace shi zai yi asara. Jirgin da ke ɗaukar alhazanmu ma da GPS da rediyo mai dogon zango yake aiki.

Talaka_Bawan_Allah
Na ji. Amma a jerin matsalolinmu tana can ƙasa.

Zee_Batagarawa
Tambaya: dish ɗinmu yakan ɗauke na 'yan mintuna da rana, kwana da kwanaki a jere, kusan lokaci ɗaya, sannan ya daina. Guguwar ce? Kuma masu Starlink, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam, fa?

Injiniya_Rafindadi
Zee, na dish ba guguwa ba ce. A watan Maris da kuma wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, rana kan bi ta daidai bayan tauraron da dish ɗinki ke kallo, ƙarar da ke fitowa daga ranar sai ta danne saƙon. Ana sanin ranar da mintin tun kafin shekara ta kama. Kada ki bari a taɓa saitin, zai dawo da kansa.

Starlink kuwa sun taɓa ɗanɗanawa. A 3 ga Fabrairun 2022 aka harba taurari 49, guguwa ƙarama ta zo, iskar can sama ta dumama ta kumbura ta riƙe su tun ba su hau inda za su zauna ba, 38 suka faɗo suka ƙone. Ƙarama ce fa, mai matakin G1. A ɗaya ɓangaren kuma, guguwar 10 zuwa 11 ga Mayun 2024 ta kai G5, irinta ta farko tun 2003, an ga hasken sama har Meziko, manoman Amurka masu taraktocin da GPS ke tuƙawa suka tsayar da shuka. An yi gargaɗinta tun kafin ta iso, kamfanonin wuta suka shirya. Mu a nan wa ya ji wayarsa ta ƙone ran nan?

UmmuKhadija_Daura
Babu kam. Ni ban ma san an yi ba. To ciwon kai fa? Maƙwabciyata ta ce tun da aka fara maganar nan kanta ke sarawa.

Nas_Aisha
Yaya Ummu, iskar da ke lulluɓe da duniya ta tare mana wannan, ba ya isowa jikin wanda ke ƙasa. Ciwon kai a bazara a fara duba ƙarancin ruwa a jiki da kwana a ɗaki mai cunkoso. In kuma akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a garzaya asibiti ba tare da jira ba, lokacin sanƙarau ne. Kada a zauna a gida ana cewa rana ce.

DanMashi_01
Ni zan gwada ganin tabon nan da yamma in rana ta yi ja.

Malama_Fiziks
Don girman Allah kada ka yi. Ko ta yi ja, ko ƙura ta rufe ta, tana iya ƙona cikin ido ba tare da ka ji zafi ba, kuma baƙin gilashi na kasuwa ba ya karewa. Hotunan rana na kowace rana suna shafin NOAA da na NASA kyauta, ka kalla a waya.

Ustaz_Kofar_Marusa
Malama, tunda an zo maganar maganaɗisu, kamfas ɗin da muke duba alƙibla da shi fa, guguwar na karkatar da shi?

Malama_Fiziks
Allah ya gafarta Malam, a yankinmu karkatar ba ta kai a lura da ita a sahu ba. Rodin da ke cikin gini da lasifikar masallaci sun fi ruɗa kamfas. In ana son tabbaci, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana na tsayawa daidai saman Ka'aba. A kafa sanda a miƙe, a ja layi daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar, inda layin ya nufa nan ce alƙibla.

Dan_Kofar_Soro
Na karanta wa Hajiya bayanin Malama da na Ustaz. Ta yarda a mayar da wayoyi caji, amma ta ce tata dai a falo za ta kwana. Na kuma tura a zauren unguwa, wasu sun karɓa, wani ya ce ai dama gwamnatoci ba sa faɗin gaskiya.

SadiqLayout
Wannan ba za ka iya masa ba. Ka tambaye shi ranar da aka ce za a yi, in ta wuce ka tuna masa.

Abu_Hafsat
To in irin ta 1859 ta dawo fa, minti 15 ɗin nan zai ishi wa? Ni nan ne har yanzu ban samu amsa ba.

Injiniya_Rafindadi
Ba minti 15 kaɗai ba ne, tun fitowarta za a ga babba ce, a samu kusan yini guda na shiri, a rage lodi a kan layuka. Mintocin ƙarshe na tabbatarwa ne. Ko masu kula da layukanmu suna da tsarin karɓar irin wannan gargaɗi, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi musu. Akwai ma'aikacin wuta a zauren nan?

Safiyo_Daura
Malama, in akwai shafin da ke nuna yanayin ayonosfiya na yankin Afirka, a taimaka a sanya mana shi nan. Ranar Asabar ina da awo a hanyar Zangon Daura.